Ɗan Farin Ma'u Mai Daddawa

A lungun da ke bayan kasuwar Birnin Gwari ba sai ka tambayi ƙofar Ma'u ba, hancinka ma ya isa ya kai ka. Daddawa take yi, ta kalwa zalla, ba irin wadda ake cuɗa wa waken suya a cuci miya ba. Sunanta na yanka Asama'u, amma Ma'un Gambo ake ce mata, da sunan mijinta da ya rasu shekara goma sha uku ke nan. Ɗaki ɗaya take ciki, a gidan wani ɗan kasuwa da ya tausaya mata ya ba ta wurin zama. Tukwane biyu, turmi, tabarma da rediyo, iyakar kayanta ke nan. Ba ta da abokin hira sai rediyon, shi ma in batir ya yi sanyi sai su yi shiru su biyu.

Ba 'yar garin ba ce. A Rafin Ƙirya aka kai ta aure, wani ɗan ƙauye gaba da Gayam, a gefen dajin Kamuku. A can, in ɗorawa ta nuna, mata kan yi ayari su shiga daji da sassafe, su dawo da buhuna a ka, bakin kowacce ya yi rawaya da garin ɗorawa. In damina ta kama kuma sai tsintar kaɗanya. Matan Fulanin da ke mashekari kusa da su kan kawo nono su karɓi daddawa, a rabu ana tsokanar juna. Wannan dajin ne daga baya ya koma mafakar 'yan bindiga. Da farko shanu suka riƙa kwashewa, sai mutane, sai wata Talata da hantsi suka shigo a kan babura suka cinna wa garin wuta. Waɗanda suka tsira suka watse, wasu Funtuwa, wasu Tegina, wasu Kaduna, har yau ba wanda ya san inda ɗan'uwansa ya faɗa. Ma'u ta iso Birnin Gwari a bayan wata motar itace, da tukunya ɗaya a hannu. Akwatin ɗanta, da takardunsa da hotonsa a ciki, ya ƙone tare da ɗakinta.

Ɗan nan shi kaɗai ne ya zauna mata. Bayansa ta haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Shi ne kuma ɗan fari, ga shi an sa masa sunan kakansa, wato surukinta, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗa: Ƙasimu ne sunansa. Ita kuwa tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakinta ba. Mai-suna take ce masa, in kuma a gaban mutane ne sai ta ce wancan, ko yaron gidan nan. A ɗakin kakarsa ya tashi, har ma Yaya yake ce wa uwar tasa, kamar yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa. Ba ta taɓa yi masa wasa a bainar jama'a ba. Sai dai in ta zuba tuwo, tsokar da ta fi girma takan ɓace a ƙarƙashin miyar kwanonsa, kuma ba wanda ya taɓa kama ta.

Da ya shiga soja ya fara zuwa hutu, ya ga duniya idonsa ya buɗe, sai ya riƙa zolayarta.

"Yaya, wai ni ba ni da suna ne? Ko sau ɗaya ki faɗa mana in ji yadda yake a bakinki."

"Ka ga, tashi ka ba ni wuri. Abin da aka koya muku a barikin ke nan, rashin ta-ido?"

Ya yi ta dariya, ita kuma ta juya baya tana gyara wuta don kada ya ga tana murmushi.

Shekara tara ya yi yana aiki. Wata rana da la'asar sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gida, tare da wani dattijo ɗan asalin ƙauyen, Saje Mailafiya, wanda shi ya yi wa yaron jagora lokacin ɗaukar soja. Suka ce an yi wa su Ƙasimu kwanton ɓauna a ƙasar Barno, an kuma yi masa sutura a can tare da abokan aikinsa. Ma'u tana wankin kalwa a lokacin. Ta ce innalillahi, ta ci gaba da wankinta. Matan gari suka yi ta yabonta, wai ga mai kawaici, ɗan fari ya mutu ko hawaye ba ta bari an gani ba. Yabon banza. Ba wadda ta bi ta bakin rafi ta ga yadda ta cusa gefen zane a baki tana birgima a kan yashi. Kabarinsa dai ba ta taɓa gani ba, ba ta ma san ta wace hanya ake bi a je ba.

Abin da ya rage mata na ɗanta a duniya shi ne rana ɗaya a shekara, sha biyar ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Saje Mailafiya shi ne shugaban tsoffin sojojin da ke zaune a garin, kuma tun shekarar da ta yi gudun hijira ya aika aka kira ta. A filin wata makarantar firamare suke taruwa, tsoffi bakwai ko takwas, kowa da tsohuwar hular soja da lambobin yabo a ƙirji, wasu sandar dogarawa ce ke riƙe da faretin nasu. Kafin a fara, Saje sai ya ba da tarihin ranar, kuma bai taɓa sauya ko kalma ɗaya ba. Yakan ce a zamanin Turawa sha ɗaya ga Nuwamba ake yi, da ƙarfe sha ɗaya na safe, don a wannan sa'ar aka tsayar da yaƙin duniya na farko. Babansa, wanda ya je yaƙin Bama, yakan maƙala jan fure na takarda a riga ranar. Da aka gama yaƙin basasa a sha biyar ga Janairun 1970, yaƙin da shi Saje ya bar yatsu biyu a cikinsa, sai aka dawo da ranar nan, don mu tuna namu da kwanan watanmu. Yakan ce a manyan birane ana fara wa da sayar da bajo, ɗan tambarin da ake maƙalawa a riga, don taimakon iyalan mamata, a yi addu'a a masallaci ran Juma'a, a yi a coci ran Lahadi, ran sha biyar kuma manya su ajiye furanni, a busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru.

Su a nan ba su da bindigar harbawa. Furen roba ne guda ɗaya da ake wankewa duk shekara, sai begilar Saje, sai tantabarunsa biyu, waɗanda in an sake su suke riga kowa komawa gida. Amma Saje ya ƙara wani abu nasa na kansa, wanda ya ce ko a birni bai ga ana yi haka ba. Bayan an yi shiru na minti ɗaya, sai ya tsaya ƙiƙam ya kira sunan duk wani sojan yankin da ya sani ya mutu a bakin aiki, ɗaya bayan ɗaya, da ka, ba takarda. In ya kira suna jama'a su ce Allah ya jiƙansa. Sunaye talatin da wani abu ne, na Ƙasimu yana can wajen ƙarshe.

Don wannan kaɗai Ma'u take zuwa. Takan zauna a layin baya ta sunkuyar da kai, in an zo kan sunan ko gezau ba ta yi, kada a ce ta nuna. Amma a ranta takan ji kamar an ɗora mata shi a cinya. Mutum arba'in sun roƙa masa rahama da sunansa, a gabanta, da kunnenta ta ji. Da wannan take cin shekara.

To, akwai kuma wata 'yar dabara da take yi wadda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A bakin tasha akwai wani mai facin taya, takwaran ɗanta. In za ta kai daddawa kasuwa sai ta bar gajeriyar hanya ta zaga ta tasha, ta tsaya kusa da rumfarsa kamar mai gyara gammo, har sai wani direba ya ɗaga murya ya ce Ƙasimu zo ka duba mini tayar nan. Daga nan ta ɗauki tirenta ta wuce. Sai dai tun farkon daminar bara gwiwa ta kama ta, ta daina fita talla, masu saye suke biyo ta gida. A cikin wannan daminar ce kuma Saje Mailafiya ya kwanta ciwon kwana huɗu, ya cika, ya tafi da sunayen nan duka a kansa.

Wanda aka ɗora a gurbinsa Kofur Munzali ne, mutumin kirki, bai daɗe da yin ritaya ba, kuma ba a yankin ya tashi ba. Ya tara tsoffin ya ce su kawo abin da suka riƙe. Kai, abin kunya, mutanen da suka shekara goma suna amsa Allah ya jiƙansa, da ƙyar suka haɗa suna goma sha biyu, a kan uku ma sai da aka yi musu. Sai Kofur ya sayi littafi ya shiga bi gida gida. Ana saura mako ɗaya ya yi sallama a ƙofar Ma'u, tare da Helen, wata Bagwariya mai sayar da doya, wadda mijinta ma soja ne ya mutu, kuma kusa da Ma'u take zama a filin duk shekara.

Bayan an gaisa Kofur ya buɗe littafi ya ce, "Inna, sunan yaron nake so, da muƙaminsa."

"Igiya ɗaya gare shi a hannu."

"Las kofur ke nan. Sunan uba na sani, Gambo. Nasa fa?"

Ma'u ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Ɗan fari ne."

"Af. Yi haƙuri, Inna, ban sani ba." Ya sosa ƙeya. "Babu wata takarda tasa? Ko wani ɗan garinku da zan tambaya?"

"Takarda wuta ta ci. 'Yan garinmu kuwa, Baba Saje ne na ƙarshe da na sani."

Kofur ya juya wajen Helen. Ita ma ta ce wallahi shekara biyar tana zaune kusa da matar nan, ba ta taɓa ganin ta motsa a kan wani suna ba, balle ta gane wanne ne nata. Ta matso ta dafa ta.

"Yaya Ma'u, faɗa mini a kunne. Ba wanda zai ji."

"Ni fa? Ni ba zan ji ba?"

Kofur ya ce to bari ya yi ta jero sunayen maza, in ya zo kansa ta ɗaga kai kawai. Ma'u ta ji abin ya yi mata nauyi, a ce ta zauna gaban namiji yana lissafo sunaye har ya faɗo kan na surukinta ita kuma ta gyaɗa kai. Sai ta kawo hanyar da mata suka saba bi tun kaka da kakanni.

"Ka san mai facin bakin tasha, na gindin dalbejiya? Takwaransa ne. Je ka tambaye shi."

Kofur ya ji daɗi, ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Abin da Ma'u ba ta sani ba, wata huɗu ke nan da Ƙasimu mai faci ya koma Funtuwa, ya bar wa ƙanensa rumfar. Kofur ya je gindin dalbejiya ya tarar da mutum yana fama da taya, ya tambaye shi sunansa, ya ce Abdulfattah. Ya rubuta da kyakkyawan rubutu. Har ya kyauta ya biyo ta lungun don ya tabbatar.

"Inna, na samo. Bari in karanta miki ki ji ko daidai ne."

Ta yi maza ta ja mayafi ta shige ɗaki, tana cewa daga ciki, "To, to, ba sai ka faɗa ba. Allah ya yi albarka."

Shi kuwa ya yi murmushi, ya ce a ransa irin waɗannan iyaye sun kusa ƙarewa, ya rufe littafinsa ya tafi.

Sha biyar ga wata ta faɗo ranar Laraba. Ba a ba da hutu a ranar, saboda haka gari yana ta harkarsa, 'yan makaranta ma suna cikin aji. Ma'u ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai ɗan sauran haske, ta ɗingisa zuwa filin tana hutawa a hanya. Helen ta riga ta, ta kama mata kujera, ta maƙala mata bajo a gefen mayafi. Mutanen ba su kai na bara ba. Tsoffin sojoji shida ne, sai matan mamata da 'yan kallo kamar ashirin. Kofur ya ba da tarihin ranar daga takarda, a gurguje. Babu mai iya busa begilar Saje, sai aka kunna busar daga waya aka kara ta a lasifika. Aka ajiye furen roba, aka yi shiru na minti ɗaya, ana jiyo malamin aji uku yana koyar da lissafi.

Kofur ya buɗe littafi ya fara. Ma'u ta sunkuyar da kai yadda ta saba. Sunaye ba su zo a jerin da Saje yake kawo su ba, sai ta kasa kunne sosai don kada nata ya wuce ta. Aka kira mijin Helen, Helen ta share ido. Aka kira na ashirin, aka kira na ashirin da biyar.

"Las Kofur Abdulfattah Gambo."

Jama'a suka ce Allah ya jiƙansa. Ita ma ta ce, tana tunanin ashe akwai wani Gambon da ya rasa ɗa. Helen ta matsa mata hannu a hankali, Ma'u ba ta gane dalili ba. Aka kira wasu biyu. Sai ta ji ƙarar rufe littafi, ta ji Kofur yana cewa a kawo kwandon tantabaru.

Nan ta gane. An roƙa wa wani rahama, mai rai ma wataƙila, an tsallake nata. Kuma ba bana kaɗai ba, abin da ke cikin littafin nan shi za a riƙa karantawa har bayan ranta. Yaron ba shi da kabarin da za a nuna, ba hoto, ba ɗa, ba garin da za a ce nan ne gidansu. In ta bar filin nan da bakinta a rufe, shi ke nan, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Ta dafa kafaɗar Helen ta miƙe.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

Ba wanda ya ji sai na kusa. Helen ta ɗaga hannu ta ce, "Kofur, dakata. Yaya Ma'u tana magana."

Kofur ya tako har layin baya da littafin a hannu. "Inna, lafiya?"

"Wanda ka kira ba shi ba ne."

"Subhanallahi. Ai mai facin na tambaya, da bakinsa ya gaya mini."

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce ai tsohon mai facin ya bar gari tun kaka, wannan ƙanensa ne. Kofur ya tambaye shi sunan wan. Mutumin ya ce shi dai Oga yake ce masa. Aka dubi juna, ba direba ko ɗaya a wurin.

Kofur ya rage murya. "Inna, zauna abinki. In an tashi zan koma tasha in tambayo, in gyara. Baɗi sai a kira shi daidai."

Magana ce ta hankali, kuma ya faɗe ta ne don ya rufa mata asiri. Ma'u ta so ta zauna. Amma ta dubi tsoffin nan shida da rana ta fara gasawa, ta tuna bara su takwas ne. Ta ji gwiwarta tana zogi. Wa ya ba ta baɗi? Ta waiga dama da hagu, ko Allah zai sa ta ga fuska ɗaya ta Rafin Ƙirya da za ta ɗauke mata wannan kaya. Duk baƙi ne. A duk faɗin filin nan ita kaɗai ta san sunan.

Ta buɗe baki, leɓunanta suka motsa, ba abin da ya fito. Shekara arba'in da ɗaya harshenta yana kauce wa kalmar nan. Ta sake gwadawa, ya fito ƙasa ƙasa.

Kofur ya sunkuyo da kunne. "Ban ji ba, Inna."

Sai ta ɗaga kai. Ba Kofur ta duba ba, can bayan katangar makaranta ta duba, wajen da hanya ta miƙe zuwa daji. Muryar da ta fito ba ta mai ba da amsa ba ce. Irin wadda uwa ke yi ce in tuwo ya sauka yaro yana can wajen wasa, da jan ƙarshen sunan.

"Ƙasimu."

Kofur ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafa, ya sara. Ya ce, "Las Kofur Ƙasimu Gambo." Jama'a suka ce Allah ya jiƙansa, tsoffin suka maimaita har sau uku.

Helen ta ja gefen mayafinta a hankali ta ce ta zauna, an gama. Ma'u ba ta zauna ba. Hawaye yana zuba a gaban kowa, ba ta ko kai hannu ta share ba. Tana nan tsaye ta karkata kunne, don a saninta in an kira mutum akan ɗan jira ya amsa.